Zumar da Ta Daskare

Ranar da mai kanti ya dawo mana da zumar Baba, ina kan keke ina ɗinke hannun wata riga. Shagona a ɗakin gaba na gidanmu yake, duk mai shiga sai ya ratsa ta gabana. Kwali uku ya sauke daga bayan motarsa ya jera a bakin ƙofa, ko kashe motar bai yi ba.

"Ki ba Baba haƙuri," in ji shi. "Masu saye ne suka yi mini ca. Wata mata har da ɗaga kwalba sama a tsakiyar kanti, tana nuna wa mutane wai ga sukari nan ya kwanta."

Na buɗe kwali ɗaya na zaro kwalba. Zumar da muka zuba wata biyu da suka wuce, mai sheƙi tana malala, ta koma fara-fara, ta yi tauri, ko an kifa kwalbar ba ta motsi.

Shekara ashirin da shida Baba yana kiwon ƙudan zuma. Akwati goma sha takwas gare shi, yawancinsu a wani lambu a bayan gari. Da can maƙwabta da abokan arziki ne ke zuwa da mazubinsu ya zuba musu. Ni ce na matsa masa a bana, na ce mu sayi kwalabe, mu buga takarda mu manna, mu kai babban kanti. Sai da na yi wata guda ina yi masa naci kafin ya yarda.

Da Baba ya dawo daga lambu sai ya tarar da kwalayen. Ya buɗe kwalba, ya lakato da yatsa ya sa a baki.

"Ita ce dai," ya ce. "Zuma tana daskarewa tun ba a haife ni ba."

"To mu je mu faɗa musu mana, Baba."

"Ki ce musu me? In suka ce me ya sa, me zan ce? Ni dai na san tana yi. Kuma wa zai yarda da bakin mai kaya?"

Kwana uku bai fita wurin abokan hirarsa ba. Mutumin da ko gishiri aka ƙara masa bisa kuskure sai ya mayar, yau shi ake cewa yana algus. Ni kuwa ko ido ba na iya haɗawa da shi.

A rana ta huɗu Anti A-Sake ta zo karɓar farar rigarta ta aiki, wadda na sake wa aljihu don asid ya cinye tsohon. Ita ce ke kula da ɗakin gwaje-gwaje na kwalejin da ke ƙarshen titinmu, ta fi shekara talatin a wurin. Ɗalibai ne suka laƙaba mata sunan, don duk awon da ka kai mata, ko ya yi kyau ko bai yi ba, abin da za ta fara cewa ke nan: a sake. Gajeruwa ce, tabarauta ɗaure da zare a wuya, kan yatsunta duk sun rine sun yi rawaya. Kafin ranar ban san ta da komai ba sai yawan ƙorafi a kan ɗinki.

Ta yi tuntuɓe da kwali, ta tambaya, na kwashe labari na faɗa mata. Ta ɗauki kwalba ta kai bakin taga, ta juya ta, ta murza 'yar kaɗan tsakanin yatsu.

"Anti, ai kin ga dai babu komai a ciki ko?"

"Ban ga komai ba tukuna, 'yata. Ido ba ya auna sukari. Ɗiba nawa ya yi a bana?"

"Uku."

"Ku kawo mini kwalba ɗaya daga kowace ɗiba ranar Alhamis da safe. Har wadda ba ta daskare ba. Kuma ki zo da Babanki, ba na son saƙo."

Da ƙyar na shawo kan Baba. Ya sa rigarsa ta fita unguwa kamar mai zuwa kotu.

Ɗakin yana hawa na biyu. Dogayen tebura ne baƙaƙe guda huɗu, kowanne da famfo da murhun gas ƙarami, sai kabad-kabad cike da kwalabe masu rubutun hannunta a jiki. Wani wari-wari na tashi mai kama da na asibiti. Ta ce ta nemi izinin shugaban sashe, da sharaɗin ragowar zumar ɗalibai za su koyi awo da ita mako mai zuwa.

Ta jawo wa Baba kujera mai tsawo. "Malam, zauna nan kusa. Kayanka ne, gara a yi komai a kan idonka."

Na zaci zumar za ta fara taɓawa. Sai ta ɗebo sukarin shayi rabin cokali, ta zuba a wata siririyar kwalba, ta kama da matsefi ta kara a wuta. Sukarin ya narke, ya yi ja, ya fara ƙamshi, can kuma ya yi baƙi ƙirin yana hayaƙi.

"Me ka gani a gindi?"

"Gawayi," in ji Baba.

"A sama fa, jikin gilashin?"

Ya matso da fuska. "Kamar raɓa."

"Ruwa ne. Ba ni na zuba ba, daga cikin sukarin ya fito. Abu uku ne kawai suka haɗu suka yi shi: kabon, wato wannan gawayin, da haidurojin da oksijin, su biyun da ke yin ruwa. Sukari, da sitacin da ke cikin hatsi da dankali, har da audugar rigar nan taka, duk 'yan gida ɗaya ne. Mu muna ce musu kabohaidiret. Abin da ya raba su shi ne yadda aka jera su."

Baba ya dubi hannun rigarsa. "Wato in yunwa ta matsa sai in ci rigata."

"Cikinka ba shi da almakashin yanka ta. Saniya ce ke da mai yanka mata."

Ranar ce karon farko da na ji dariyarsa tun dawowar kwalayen.

Ta jawo wani gwangwani cike da murafen kwalabe, ta zazzage a kan tebur. Ta ware shuɗi ɗaya da ja ɗaya.

"Wannan shuɗin gulukos ne. Shi ne sukarin da ke yawo a jininka yanzu haka, da shi ka hawo matakalar nan. Jan kuma furuktos, shi ya fi yawa a 'ya'yan itace, ya kuma fi zaƙi. Kowannensu guda ne tilo, in ka fasa shi ya tashi daga sukari." Ta manne su biyun da salatif. "In suka riƙe hannu haka, sun zama sukuros. Shi ne sukarin shayi."

Sai ta jera shuɗaye zalla, dogon layi har bakin tebur. "Wannan kuma sitaci. Gulukos ne ɗaruruwa riƙe da juna. Tsawon ya yi yawa, harshe ba ya jin zaƙinsa."

Ta ciro burodi daga jakarta, ta gutsura mana. Ta ce mu tauna kada mu haɗiye sai ta ce. Muka zauna ni da mahaifina muna ta tauna kamar awaki, ita kuma tana duban agogo. Can na ji wani ɗan zaƙi-zaƙi yana fitowa ta gefen harshe.

"Yawunku ne ya fara yanka layin gajeru-gajeru," ta ce. "Ƙudanka ma haka suke yi, Malam. Ruwan fure yakan zo da sukuros. Suna da wani abu a bakinsu da ke ɓalle salatif ɗin, shuɗi ya yi gefe, ja ya yi gefe. Shi ya sa nunanniyar zuma kusan duk gulukos ce da furuktos a rarrabe, da ɗan ruwa kaɗan."

"To daskarewar fa?" in ji Baba. Ya riga ya matso da kujerarsa har gwiwarsa na taɓa tebur.

"Furuktos yana son ruwa, ba ya rabuwa da shi da sauƙi. Gulukos kuwa bai kai shi ba. A zuma ruwan ya yi masa kaɗan, a takure yake. Da ya samu wuri mai sanyi-sanyi sai ya fara fita yana taruwa da 'yan'uwansa, su zama ƙwayoyi. Furen wani icen ya fi ba da gulukos, zumarsa ta fi saurin yi. A ina mai kantin ya ajiye ta?"

Na ce, "A kantar da ke ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta gyaɗa kai.

Baba ya jingina da baya ya sauke numfashi. "Shekara ashirin da shida ina ganin abin nan."

"Kai ka san shi, ni sunansa kawai na sani," ta ce. "Amma duk wannan surutu ne. Bai nuna taka ba ta da haɗi ba. Yanzu za mu auna."

Ta liƙa wa kwalaben lamba. Ta ɗaya ita ce daskararriyar ta lambu. Ta biyu ta bakin rafi, wadda ta fara yin hazo-hazo. Ta uku kuwa garai-garai take, tana zuba kamar mai, daga akwatuna huɗu da Baba ya ajiye a gonar wani abokinsa. Ita ce ma mai kanti ya riƙe bai dawo da ita ba, ya ce ita ce zumar gaskiya.

Ta fara da aidin, irin wanda ake shafa wa ciwo. Ta ɗiga a kan ɓallin burodi, wurin ya yi shuɗi mai duhu kamar tawada. Ta ɗiga a ruwan kowace zuma, babu wadda ta canza.

"Babu sitaci. Ba a dama gari a ciki ba."

Daga nan aikin ya yi tsawo. Ta ɗora wani shuɗin ruwa a wuta, ta ce shi gulukos da furuktos suna kashe masa launi, su bar jan gari a gindi, amma sukuros ba ya iya taɓa shi muddin yana manne. Ta nuna mana da ruwan sukarin shayi: shuɗin ya tafasa bai ko gezau ba. Ta dafa wani ruwan sukarin da ɗigon asid, ta kashe kaifin asid ɗin, ta sake gwadawa. Nan take ya juye ya yi ja kamar bulo.

"Asid ɗin ya ɓalle su. To haka za mu yi wa zuma. Mu auna ta yadda take, mu dafa da asid mu sake aunawa. Abin da ya ƙaru, shi ne sukuros ɗin da ke ɓoye. A zuma ta gari ba ya wuce kashi biyar cikin ɗari."

Ni mai ɗinki ce, na san hannun da ya iya aiki in na gan shi. Ta auna zumar a sikeli, ta rage da kan cokali, ta ƙara ɗigo, sai da lambar ta tsaya inda take so. Ta tsarma da ruwa, ta cika wani dogon bututun gilashi mai zane-zanen awo da ɗan famfo a ƙasa. Hannun hagu na kan famfon, na dama na juya kwalbar da ke tafasa, idonta ba ya ƙiftawa. Ɗigo, ɗigo, ɗigo. Da shuɗin ya ɓace sai ta rufe, ta durƙusa har idonta ya yi daidai da zanen, ta rubuta. Sannan ta wanke komai ta faro daga farko. Sau uku-uku take yi wa kowanne. Akwai inda awo na biyu ya ɗan saɓa da na farko, bambancin da ni ko ganinsa ban yi ba, ta ja tsaki ta zubar da duka. Wani malami ya leƙo yana neman makulli, ko juyowa ba ta yi ba, da haɓa ta nuna masa ƙusar da yake rataye.

Rana ta take tsaka kafin ta zauna da biro ta yi lissafinta. Ta gama, ta sake bi daga sama. Sai ta cire tabarau ta bar shi yana lilo a ƙirjinta.

"Ta ɗaya, kashi biyu. Ta biyu, uku. Lafiyarsu ƙalau, daskarewar ma shaida ce a kan yawan gulukos ɗinsu."

Na miƙe tsaye don murna. Ta ɗaga mini hannu.

"Ta uku, goma sha ɗaya."



"Anti, ba dai kuskure ba?"

"Sau huɗu na auna ta." Ta juya ga Baba, muryarta a ƙasa. "Malam, ban ce ka zuba komai ba. Tambayarka nake yi. Me ƙudan akwatunan nan suka ci?"

Baba ya dubi tafin hannunsa. "Fure ya yanke a wurin wajen wata biyu. Sun rame, har sun fara mutuwa a bakin akwati. Na riƙa dama musu sukari da ruwa ina ajiye musu, kowa na yi. Da fure ya dawo ban janye da wuri ba, na ƙara musu kamar mako biyu don su yi ƙarfi. Ba a jima ba na ga saƙa ta cika, na ɗiba."

"To shi ke nan. Ka ceci ƙudanka, wannan ba laifi ba ne. Amma sun samu sukuros fiye da yadda za su iya ɓallewa, suka adana shi haka nan. Abin da ke kwalbar nan rabinsa aikin fure ne, saura daga buhu ya fito, ko da ta bakin ƙuda ya bi."

Ta jawo takarda za ta rubuta sakamako. Na matsa kusa da ita na rage murya, wai don kada Baba ya ji.

"Anti, ai a kan daskararriyar ake magana. Ki rubuta biyun nan kawai mana. Ta ukun ba wanda ya yi ƙorafi a kanta."

"Uku na auna, 'yata."

"Amma kin san bai yi da gangan ba."

"Na sani, kuma zan rubuta abin da ya faɗa mini a ƙasa. In na bar layi ɗaya, sauran biyun ma sun zama ba su da daraja, ko ba wanda ya sani ni na sani."

Raina ya ɓaci sosai. Na ji kamar in ce mata wa ya aike ta, mu da muka zo neman a wanke mu. Kafin in buɗe baki Baba ya yi magana daga inda yake zaune.

"Rubuta duka, Malama."

Ta rubuta. A ƙarshen takardar ta ƙara da cewa wannan awon ɗakin koyarwa ne, ba shaidar hukuma ba, kuma akwai irin haɗin da kayan aikinta ba sa iya ganowa sai an je inda ke da manyan na'urori. Na ce mata wannan kuma ai rage wa takardar ƙarfi ne. Ta ce iyakar ƙarfinta ke nan, ba za ta ara mata wanda ba ta da shi ba.

A hanyar gida ina ta cika ina batsewa. Baba kuwa yana ta maimaita sunayen a hankali, gulukos, furuktos, kamar mai haddar sunan sababbin jikoki.

Washegari da kansa ya je kantin, ni ina biye da shi. Ya miƙa wa mai kanti takardar, ya jira ya karanta, sannan ya ce a sauko masa da duk kwalaben ɗiba ta uku.

"Baba, wannan ce fa ake saye," in ji mai kanti. "Ko jiya an ɗauki biyu."

"In ka san waɗanda suka ɗauka, ka ce su dawo da ita a canza musu. Ba zumar fure ba ce zalla."

Mai kanti ya dubi takardar, ya dubi Baba, ya sosa ƙeya. Ya ce shi tunda yake, bai taɓa ganin wanda ya zo da ƙafarsa ya tona wa kayansa asiri ba. Da yamma ya aiko mota ta kwashi kwalayen nan uku. Ya canza musu kanta zuwa kusa da taga, ni kuma na rubuta ɗan kati da hannuna: in ta daskare, a tsoma kwalbar a ruwan ɗumi, kada a tafasa. Ba a yi rububinta ba. A hankali dai ta riƙa tafiya, wasu har suka koma tambayar mai taurin, wai ta fi daɗin shafawa a burodi. Matar da ta ɗaga kwalba ban san ko ta sake zuwa ba. Ta ukun kuwa a gida muka shanye ta a shayi, muka raba wa dangi, kowa Baba sai ya yi masa bayanin abin da ke ciki kafin ya miƙa masa.

Ni sai da na yi kusan mako biyu kafin na huce. Ina cikin yanka wani yadi na tuna yadda Anti ta durƙusa tana daidaita idonta da zanen gilashi, mace mai ciwon gwiwa, a kan zumar da ba tata ba, ba kuma wanda zai duba aikinta. Na ajiye almakashi na je na ba ta haƙuri. Ta ce ita ba ta ma san mun yi faɗa ba, sannan ta nuna mini inda ɗinkin aljihun ya karkace.

Da ta ajiye aiki a ƙarshen shekarar, Baba ya gayyace ta lambu. Na ɗinka mata hular raga mai saukowa har kafaɗa. Da sassafe muka je, rana ba ta yi zafi ba. Baba ya busa hayaƙi, ya ɗaga murfin akwati, ya zaro saƙa guda ƙudan na yawo a kanta, ya nuna mata ramukan da aka toshe da kaki da waɗanda ke buɗe. Ya ce na buɗen ba su nuna ba, in ka girgiza za su ɗiga.

"Ta yaya suke sanin lokacin toshewa ya yi?" ta tambaya.

"Sai ruwan ya ragu. Kin ga waɗancan na bakin ƙofa da ke kaɗa fiffike? Fifita suke yi mata."

Ta ciro ɗan littafi daga jaka ta fara rubutu. Ƙuda ɗaya ya harbe ta a bayan hannu, ta ce wash, Baba ya kankare ƙarin da farce ya ce kada ta matse. Ta mayar da biron ɗaya hannun ta ci gaba da tambaya. Ina zaune a gindin bishiya da kwandon abincinmu, har shayin ya huce ba wanda ya waiwayo.